Zakara Ɗaya da Kaji Kaɗan a Tsakar Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Raunin Barbara

A ƙauyukan Adar, inda ake sakin kaji tun da safe su bi bola da gindin rumbu, ba kasafai ake ganin kazar da zakara ya tuge wa gashin baya ba, domin idan ya matsa mata tana da inda za ta gudu. A cikin garin Tawa kuwa gidaje sun zama na katanga da ƙofar ƙarfe, kajin da ake kiwo ƴan kaɗan ne, kuma a tsare suke wuni tare da zakara a kusurwa ɗaya ta tsakar gida. Yawancin tambayoyin da masu kiwo, musamman matan gida, suke yi game da raunin kaji daga wannan matsin suke tasowa.

Dole ne sai da zakara kaza za ta yi ƙwai?

A'a. Kazar da ta isa tana yin ƙwai ko da ba ta taɓa ganin zakara ba, kuma ƙwan yana da kyau a ci. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a sami ɗan tsako a cikinsa. Saboda haka wadda take kiwo don ƙwan karin kumallon yara kaɗai ba ta da bukatar ciyar da zakara, sai dai idan tana son sauran amfaninsa, wato gargaɗin da yake yi idan shaho ya gitta da kuma raba faɗa tsakanin kaji.

Kaji nawa ne suka dace da zakara ɗaya?

Ma'aunin da masana kiwon kaji suka saba bayarwa shi ne zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 12. Dalilin wannan adadi a fili yake idan aka san cewa lafiyayyen zakara yana iya yin barbara sau 10 zuwa 30 a rana, galibi daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Idan aka raba wannan tsakanin kaji 10, kowace ta sami abin da jikinta zai ɗauka. Idan kuwa kaji 3 ne kawai a gidan, duk nauyin a kansu yake sauka, kuma cikin makonni kaɗan za a ga alama a bayansu.

Sai dai adadin ba shi ne komai ba. Akwai zakaran da ya manyanta, mai natsuwa, wanda zai zauna da kaji 4 shekara guda ba a ga gashi ɗaya ya karye ba, kuma akwai wanda ko an ba shi 15 sai ya zaɓi guda ɗaya ko biyu ya liƙe musu. Wadda yake zaɓa galibi ita ce mafi sauƙin kai, wadda take durƙusawa da zarar ya matso. Don haka mai kiwo ya dogara da abin da idonsa ya gani a bayan kajinsa fiye da lissafi.

Ta yaya barbara take jawo rauni, alhali abu ne da aka halicci kaji da shi?

Idan komai ya tafi daidai, zakara yana fara zagaya kaza yana jan fiffike ɗaya a ƙasa, ita kuma ta durƙusa ta ɗan buɗe kafaɗunta don ya sami wurin tsayawa. Sai ya kama gashin ƙeyarta da baki, ya hau bayanta da ƙafafu biyu, ya yi ta taka ta har ya daidaita, kuma cikin daƙiƙu kaɗan an gama. Wurare uku ne suke shan wahala a nan: ƙeya inda bakinsa yake riƙewa, gadon baya inda yake takawa, da gefen jiki a ƙarƙashin fiffike inda ƙafarsa take zamewa.

Gashin kaza shi ne garkuwarta. Muddin yana nan, ƙafar zakara ba ta kai wa ga fata. Da ya fara karyewa, wurin ya zama santsi, zakaran ya riƙa zamewa yana ƙara damƙa da farce, kuma fatar kaza siririya ce ƙwarai, ba ta da wuyar yagewa. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan tsinin nan da yake fitowa a bayan ƙafar zakara, sama da yatsu, amma a wajen matashin zakara wanda bai cika shekara ba tsinin bai ma girma ba, faratansa ne suke yin ɓarnar. Matashin kuma shi ne ya fi yawan jawo rauni, domin sha'awarsa ta fi ƙwarewarsa, ba ya jiran kaza ta durƙusa, sai ya bi ta da gudu ya danne.

Gashin bayan kazata ya zube. Ta yaya zan san zakara ne ba ƙwari ko wata cuta ba?

A dubi wurin da gashin ya zube da kuma yanayinsa. Idan aikin zakara ne, za a ga sanƙon a gadon baya gab da wutsiya, da saman kafaɗu, da ƙeya, kuma za a tarar da guntayen gashi a karye suna nan a fata. Idan ƙwarƙwatar kaji ce, an fi ganinta a kusa da dubura da ƙarƙashin fiffike, da fararen ƙwayayenta manne a gindin gashi, kuma zakaran da kansa zai riƙa susa. Akwai kuma kaskar kaji wadda take ɓuya da rana a tsagar bangon laka ta fito da dare, wadda sai an haska akurki da tocila ake ganinta. Idan sauyin gashi ne na shekara, zubewar takan fara daga kai da wuya ta gangara, kuma za a ga sababbin gashi suna tsirowa a wurin.

Abu ɗaya da ya kamata ya zama al'ada shi ne kama kowace kaza sau ɗaya a mako, bayan magariba lokacin da suka natsu, a ɗaga fukafukanta a duba. Mummunan rauni a nan yake ɓuya, fiffike ya rufe shi, kazar tana ci tana yawo kamar lafiya lau, sai wari ya tona asirin.

Na sayo ƙaton zakara don in inganta irin kajina, amma tun zuwansa kajin suke ɗingishi. Kuskure na yi?

Niyyar tana da kyau, amma nan ne aka fi samun rauni mafi muni. Kazar gida ta ƙasar nan ba ta cika wuce kilo 1 zuwa 1 da rabi ba. Zakaran Noiler, irin wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, yana kai wa kilo 3 ko fiye idan ya girma, na Brahma kuwa, wani irin manyan kaji, yana iya kai wa kilo 5. Idan tsuntsu mai wannan nauyi ya hau kazar da ya ninka sau uku, ba fata kaɗai take cikin haɗari ba, har da ƙugu da gaɓoɓin ƙafa, kuma kazar da ƙugunta ya gurɗe ba kasafai take komawa daidai ba. Ana ganin ƙaton zakara a kasuwa ranar Lahadi, zankonsa ja wur, ƙirjinsa cike, sai ido ya rufe a manta da ƴan kajin da ke jira a gida.

Wanda yake son ya inganta iri, ya fi masa alheri ya bi abin a hankali. Ya nemi zakaran da bai fi kajinsa nauyi da yawa ba, misali ruwa-biyu tsakanin na gida da na gona, ya haɗa shi da manyan kajinsa kaɗai, sannan ƴaƴan da aka samu, waɗanda za su fi iyayensu girman jiki, su ne za a iya haɗawa da zakaran da ya fi wancan. Wata hanyar ita ce a sayi ƙwai masu ɗa na irin da ake so a sa wa kazar gida ta kwanta a kai, tun da a wajen kwanci da renon ƴan tsaki babu wadda ta kama ƙafarta. Game da kajin da suka riga suka fara ɗingishi, a raba su da zakaran yau, a ajiye su inda ba sai sun yi tsalle ba, kuma idan kwana 3 suka wuce babu sauƙi a kai su wurin likitan dabbobi.

Na tarar da fatar kaza a yage a ƙarƙashin fiffike. Me zan yi nan take?

Abu na farko shi ne a fitar da ita daga cikin sauran, ba don zakara kaɗai ba. Kaji suna da ɗabi'ar saran duk abin da suka gani ja, kuma ƴan uwanta mata suna iya mayar da ƙaramin rauni ya zama rami cikin wuni ɗaya. Bayan haka a tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri kimanin giram 9, wato cokalin shayi ɗaya da rabi, a bar shi ya huce, a wanke raunin da shi har ƙasa da guntayen gashi su fita. A rage gashin da ke gefen wurin da almakashi don kada ya manne a ciki, sannan a shafa maganin wanke rauni na Betadine da aka sirka da ruwa, ko a fesa shuɗin maganin rauni da ake samu a wurin masu sayar da magungunan dabbobi. Shuɗin yana da amfani biyu, yana kashe ƙwayoyin cuta kuma yana ɓoye jan da ke jawo sara.

A ƙasarmu babban abokin gaba shi ne ƙuda. A lokacin zafi da damina ƙwan da ƙuda ya saka a rauni yana iya zama tsutsa kafin kwana ɗaya ya cika, saboda haka a ajiye kazar a inuwa, cikin kwando ko keji da aka lulluɓe da tsohon gidan sauro, a duba raunin safe da yamma. Idan yagewar tana da faɗi har ana ganin tsoka, ko fatar tana reto, ɗinki ake bukata, kuma ɗinkin ya fi kamawa idan an yi shi a ranar. Wannan aikin likitan dabbobi ne ko ma'aikacin kiwo na unguwa. Abin mamaki game da kaji shi ne saurin warkewarsu: raunin da mutum zai gani ya fid da rai yakan rufe cikin mako 2 zuwa 3 idan an tsare shi daga ƙuda da datti.

Wasu suna shafa baƙin mai ko su buɗe kafso su barbaɗa. Yana da amfani?

Baƙin man inji guba ne, yana ƙona fata, kuma kazar za ta haɗiye shi idan tana gyara gashinta, daga nan ya shiga ƙwai da naman da iyali za su ci. Kafson mutane kuwa, wanda ake saye a tebur a zuba a ruwan shan kaji, ba a san adadin da kowace ta sha ba, kuma yawan yin haka shi ne yake sa maganin ya daina aiki ga dabba da mutum baki ɗaya. Idan likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a koma cin ƙwan kazar.

Ana iya yanke wa zakara farce da tsinin ƙafa?

Ana iya rage su, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi saurin kawo sauƙi, amma ragewa ake yi, ba cirewa ba. Farcen zakara yana da jijiyar jini a cikinsa, wadda ake iya hangowa a farar ƙumba idan aka haska ta, don haka bakin kawai ake datsewa, sannan a goge da magogin ƙarfe har kaifin ya mutu. Tsinin ƙafa kuwa ƙashi ne mai rai a ciki, an lulluɓe shi da kwanso mai tauri. Wanda ya sare shi daga gindi da wuƙa ya buɗe ƙashi, jini zai zuba sosai, kuma ƙafar tana iya ruɓewa. Abin da ake so shi ne a goge bakinsa ya dakushe. Aikin na mutum biyu ne, da dare, ɗaya ya naɗe zakaran a zane ya riƙe, ɗaya ya goge. Idan jini ya fito, a danna garin masara ko fulawa a wurin na ƴan mintuna. Zakaran da yake tono a ƙasa mai tsakuwa faratansa suna cinyewa da kansu, amma wanda yake tsare a kan yashi mai laushi sai an duba shi duk wata biyu.

Na ji ana ɗinka wa kaza riga. Gaskiya ne, kuma zafin Tawa zai bar ta ta sa?

Gaskiya ne. Wani ƙyalle ne mai kauri da ake yankawa daidai faɗin bayan kaza, daga gindin wuya zuwa gindin wutsiya, a sa masa madauki biyu na roba waɗanda ake zura fukafukan a ciki. Kowane tela zai iya ɗinka shi daga tsohon wandon jins idan aka kai masa awon kazar. Rana ta farko takan yi ta ja da baya tana ƙoƙarin tuɓewa, daga baya ta manta da shi.

Maganar zafi kuwa tana da muhimmanci. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kaza tana rage zafin jikinta ne ta hanyar haki da ɗaga fukafukai, saboda haka rigar ta zama ta auduga, kada ta zama ta leda ko roba, kada kuma madaukin ya matse. A ɗaga ta kowace rana a duba, domin ƙwarƙwata tana son irin wannan maɓoya. Ba a sa ta a kan ɗanyen rauni. A ganina rigar taimako ce na ɗan lokaci har gashi ya dawo, kuma gidan da kajinsa duka suke sanye da riga wata da watanni matsalarsa tana wurin zakaran ko wurin matsin fili.

Yaushe gashin zai dawo?

Gashin da aka tuge gaba ɗaya yakan fito cikin mako 4 zuwa 6. Wanda ya karye gindinsa yana nan a fata ba ya sake fitowa sai lokacin sauyin gashi, don haka kada a ɗauka magani ne bai yi ba. Gashi kusan duka furotin ne, kuma dusa da tsabar hatsi kaɗai ba sa wadatarwa. A ƙara musu gara, da garin busasshen kifi, da ɗan ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji.

Idan na raba zakara da kajin, ƙwan zai ƙyanƙyashe kuwa?

Wannan ita ce amsar da ta fi sauƙaƙa wa mai kaji kaɗan rayuwa. Jikin kaza yana ajiye maniyyin zakara a wasu ƙananan aljihuna cikin hanyar ƙwai, kuma barbara ɗaya tana isa ƙwayayen da za ta saka su kasance da ɗa har kwana 7 zuwa 10, wani lokaci har mako 2. Ke nan babu wata bukata ta a bar zakara a kan kaji 3 dare da rana. Ana iya yi masa nasa keji a gefe, inda yake ganinsu suna ganinsa, a sake shi cikinsu kwana 2 a mako, ko kuma da la'asar kawai na awa ɗaya ko biyu. Wadda take tara ƙwai don kwanci za ta sami abin da take so, kajin kuma su huta. Mai shakka ya haska ƙwan da tocilar waya a ɗaki mai duhu bayan kwana 7 zuwa 10 da fara kwanci, zai ga jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo a cikin mai ɗa, kuma a kwana na 21 ƴan tsaki su fito. Idan ƙyanƙyasa ta ragu a tsakiyar bazara, kada a yi saurin zargin rabuwar, domin tsananin zafi da kansa yana rage ƙarfin zakara kuma yana lalata ƙwan da aka ajiye.

Yaya ya kamata a tsara wurin kajin?

A ɗakin kwana, kada a wuce kaji 3 a murabba'in mita ɗaya, a filin wuni kuwa kowace ta sami aƙalla murabba'in mita ɗaya. Amma fili fetal ba shi da amfani ga kazar da ake kora. Abin da take bukata shi ne abin da zai tsare idon zakara: zana da aka jingina a bango, fasasshiyar randa, ƙaramar rumfa mai ƙofar da ita za ta shiga shi ba zai iya ba, da sanda a sama wadda za ta hau. A ajiye kaskon abinci da na ruwa a wurare biyu da ba sa kallon juna, domin kazar da ta tsorata takan gwammace ta wuni da ƙishirwa da ta ratsa ta gabansa, kuma a zafin Tawa wunin ƙishirwa ɗaya ya isa ya kashe ta.

Ƴan tsakina sun girma, zakaru sun yi yawa. In bar su?

Kusan rabin kowace ƙyanƙyasa zakaru ne, kuma daga wata 4 zuwa 5 suke fara bin kaji. Idan aka bar su, sukan taru su biyu ko uku a kan kaza ɗaya, wannan ya sauka wancan ya hau, kuma raunin kai da ido da ake gani yawanci daga nan yake. Gidan da bai kai kaji 20 ba, ba shi da wurin zakara na biyu. A ware su tun suna wata 3, a yi musu kiwo daban inda ba sa ganin mata, a sayar ko a ajiye don salla da saukar baƙi. Haka kuma a riƙa ware kazar da take kwanci, da mai ƴan tsaki, da sagarar da ba ta fara ƙwai ba, domin babu ɗaya daga cikinsu da take durƙusa wa zakara da son ranta.

Yaushe ne ya kamata a haƙura da zakara, kuma yaya ake zaɓen wani?

Idan an rage masa farce, an ba kajin wurin ɓuya, an taƙaita lokacinsa da su, amma har yanzu yana saran kan kaza har jini, ko yana hana wata cin abinci, ko ya fara tasam ma yara, to halinsa ne, kuma hali irin wannan yana iya bin ƴaƴansa. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Ko zakaran kirki ma ya kamata a sauya shi bayan shekara ɗaya ko biyu don kada ya riƙa hawan ƴaƴansa, abin da yake raunana iri a hankali, kuma musaya da wani gida mai nisa ta wadatar.

Wajen zaɓen sabo, ya fi kyau a gan shi cikin kajin gidan da ya fito. Zakaran da ya sami tsaba ya kira kaji da ƙaramar murya ya bar musu, wanda yake zagaya kaza ya jira ta durƙusa, kuma kajin gidansu bayansu a rufe yake da gashi, shi ne abin nema, ko da bai kai wani kyan gani ba. Wanda aka sayo a kasuwa kuwa, inda tsuntsaye daga garuruwa daban-daban suke cakuɗe a kwando ɗaya, kada a sake shi cikin kaji ranar da ya zo. A tsare shi shi kaɗai mako 2 zuwa 3, nesa da akurki, a duba shi don ƙwari, a yi masa rigakafin cutar Niyukasil, annobar kaji mai saurin yaɗuwa wadda ta fi ɓarna a lokacin hunturu. Bayan haka a kai kejinsa kusa da kajin su yi kwana 3 ko 4 suna ganin juna ta waya, sannan a buɗe masa da la'asar, a ranar da mai kajin take gida kuma tana da lokacin zama ta kalla.